RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: MASU HARKA, MATANSU DA CUTAR ƘANJAMAU

A wannan fitowa na jingine zancen lefe da girki da rikicin kishiyoyi da muka saba taɓawa, na ɗauko wata magana mai nauyi wadda na san wasu za su ce, "Haba! Ina ruwan mujallar iyali da wannan zance?" To ku yi mini uzuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar ita ce ta mazan da ke neman maza 'yan'uwansu, da matan da ke neman mata, da yadda cutar ƙanjamau da sauran cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya ke yawo a tsakaninsu, har su biyo su cikin ɗakunan aurensu. Ni dai ba malama ba ce, ba kuma alƙaliya ba. Hukuncin addini kowa ya san shi, ana faɗarsa a kan mumbari da wajen tafsiri, ba ni da abin da zan ƙara a kai. Ɓangaren da na ga an yi shiru a kansa shi ne na lafiya, kuma wannan shirun yana kai mutane kabari, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

SU WANE NE AKE MAGANA A KANSU?

Da an ambaci wannan al'amari sai hankalin kowa ya tafi kan 'yan daudu masu suyar kaji da tuwo-tuwo a bakin tasha. Alhali kuwa ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma da yawa daga cikin masu yi ko kusa ba za ka ga alama a jikinsu ba. Akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin ofis, akwai ɗalibi, akwai direba, akwai mai babbar riga da hula. Wani Ba'amurke masanin harshe mai suna Rudolf Gaudio ya yi zama a Kano a shekarun 1990 yana bincike a cikinsu, ya kuma fitar da littafi a 2009 mai suna Allah Made Us. A ciki ya nuna cewa su da kansu "masu harka" suke kiran junansu, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya, ko suna da niyyar yin aure kamar kowa.

To kun ga inda ruwanmu ya shigo ke nan. A ƙasar Hausa namiji ba ya zama gwauro har abada. Ko yana so ko ba ya so iyaye za su matsa, a kai kuɗi, a ɗaura aure, a kai amarya. Yarinyar da aka kai ɗakin nan 'yar wani ce, ƙanwar wata ce, wataƙila ma mai karanta wannan shafi ce. Shi ma mijin ɗan wani ne, uwa ce ta haife shi ta goya shi. Duk abin da ya shiga jininsa a waje, da shi zai dawo gida.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

A 2018 gwamnatin Nijeriya ta yi wani gagarumin bincike gida-gida a kan ƙanjamau, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. An samu cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, jimillar masu ita a ƙasar kuma kusan mutum miliyan 1.9. Wannan ya yi ƙasa da abin da ake zato a da, alhamdu lillahi.

Amma fa a tsakanin maza masu neman maza labarin ya sha bamban. Binciken da ake yi a kansu lokaci-lokaci a wasu jihohin ƙasar nan ya samu kashi 13.5 cikin 100 a 2007, ya hau 17.2 a 2010, ya kai 22.9 a 2014, sannan a na 2020 ya kai kashi 25. Wato a cikin kowane mutum huɗu da aka gwada, ɗaya yana da ita. Jama'a, lokacin da cutar ke ja da baya a wasu wurare, a nan gaba take yi.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Dalili na farko na halitta ne, kuma da neman afuwarku zan faɗe shi ƙarara. Fatar cikin dubura siririya ce, ba ta fitar da ruwan santsi, saboda haka nan da nan take tsagewa ko da mutum bai ji zafi ba, ta nan ƙwayar cutar ke samun ƙofa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa in aka sadu ta wannan hanya da mai ɗauke da cutar wanda ba ya shan magani, ba tare da kariya ba, wanda aka zo wa yana iya kamuwa sau 138 a cikin saduwa 10,000. Macen da aka sadu da ita ta gaba kuwa sau 8 ne a cikin 10,000. Kun ga ya ninka har kusan sau 17. Wannan gargaɗi ya shafi har ma'auratan da miji ke zuwa wa matarsa ta baya, domin ƙwayar cuta ba ta tambayar ko jikin namiji ne ko na mace.

TSORO SHI NE BABBAN DILLALIN CUTA

Dalili na biyu shi ne tsoro. Tun daga 2000 jihohi 12 na Arewa suka fara aiki da shari'ar Musulunci a kan manyan laifuka, inda hukuncin luwaɗi a rubuce yake iya kaiwa ga kisa. Sannan a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko shiga cikinta. Wasu likitoci da ke duba irin waɗannan maza a Abuja sun kwatanta halin da ake ciki kafin dokar da bayanta, suka buga sakamakon a 2015. Kafin dokar kashi 25 cikin 100 ne suka ce suna jin tsoron zuwa asibiti, bayanta suka zama kashi 38.

Ku lura da kyau. Tsoron ya kore su daga wurin likita, harkar kuma ta ƙara shigewa cikin duhu inda ba mai ba su shawara.

Akwai wani yaro da nakan sayi soyayyar kaza a wurinsa, mai fara'a da ladabi, ina kiransa ƙanena, shi kuma yana ce mini Hajiya. Sai na ga yana ta ramewa, zama ma da ƙyar yake yi a kan benci. Na ce, "Ƙanena, lafiya kuwa?" Ya ce, "Wallahi Hajiya basir ne ya sa ni gaba, na sha jiƙo na sha garin magani har na gaji." Na ce ya je asibiti mana. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na je sau ɗaya Hajiya. Tun daga wajen yankar kati aka fara ƙyafta ido ana dariyar tafiyata. Da na shiga, wanda zai duba ni ya kira abokin aikinsa wai ya zo ya ga abin mamaki. Na ɗauki hulata na fito, ban sake komawa ba." Yaron nan yana da mata a ƙauyensu da 'ya'ya biyu, duk ƙarshen wata yake zuwa. Da ƙyar na shawo kansa ya je wata cibiya daban inda aka karɓe shi da mutunci, aka gano ashe ciwon sanyi ne ya kama shi ta baya, ba basir ba, aka yi masa allura aka ba shi ƙwayoyi, aka kuma ce lallai a yi wa matarsa magani ita ma. Yanzu ku gaya mini, waɗanda suka yi masa dariyar nan, wa suka hukunta? Ai baiwar Allah da ke zaune a ƙauye tana daka ita ce ta kusa biyan bashin da ba ta ci ba.

GA MAI HARKA: KORORON ROBA

Yanzu da kai nake, ɗan'uwana, kai da ka san kanka. Abin da ke tsakaninka da Mahaliccinka wannan naka ne, Shi ne masanin zukata. Amma ranka amana ne, ran matarka da na abokin harkarka ma amana ne. Mafi aminci shi ne barin saduwa a waje gaba ɗaya, wannan ba gardama. In kuwa ka san ba ka bari ba, to kada ka yarda ka kusanci kowa ba tare da kororon roba ba, ko da kuwa ka gan shi fes, ƙato, mai ƙiba. Mutum yakan yi shekaru da ƙwayar cutar a jikinsa ba tare da ko ciwon kai ba.

Kororo yana nan a kowane kemis, irin su Gold Circle da sauransu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a wasu cibiyoyin lafiya ma kyauta ake bayarwa. Sai dai akwai ƙa'idojin da in aka saɓa su aikin banza aka yi:

Duba ranar lalacewarsa da ke jikin leda. Kada ka adana shi a inda zafi ke dukansa, kamar aljihun baya na wando ko ƙarƙashin sirdin babur ko gaban mota, domin zafin ƙasarmu yana cinye roba. Yage ledar da hannu, ban da haƙori ko reza. A sa shi tun kafin a fara, ba sai an yi nisa ba, a matse ɗan kan nan don iska ta fita, sannan a warware shi har ƙasa. Kororo ɗaya na saduwa ɗaya ne, ba a wankewa a sake, ba a kuma haɗa biyu wai don ƙarin tsaro, gogayyar da za su yi da juna ita za ta fasa su. In an gama a riƙe bakinsa a fito, a ƙulle, a jefa a masai.

Sai babbar magana, wato man santsi. Tunda wurin ba ya da ruwan kansa, dole sai an shafa wani abu, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Basilin, man shafawa, man gyaɗa, man ja, man shanu, man kaɗanya, duk wani abu mai maiƙo yana narkar da roba cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kororon ya fashe ba ka sani ba. Wanda ya dace shi ne man santsi na ruwa da ake sayarwa a kemis, irin su K-Y Jelly. Yawu ba ya wadatarwa, nan da nan yake bushewa.

ABIN DA KE BAYAN KORORO

A shekarun baya in an ce mutum yana da ƙanjamau sai a fara shirin likkafani. Yanzu ba haka abin yake ba, ilmi ya ci gaba.

Na farko, gwaji. Ɗigon jini kaɗan ne daga yatsa, cikin minti 20 ka ji sakamako. Akwai ma na yi-da-kanka da ake sayarwa a manyan kemis, irin su OraQuick, wanda za ka goga a dasashi a cikin ɗakinka ba mai ganinka. In ya nuna akwai, sai a je asibiti a tabbatar. A sani cewa gwaji yana iya kasa ganin cutar da aka ɗauka kwanan nan, don haka sai a maimaita bayan wata 3. Mai harka ya kamata ya riƙa gwaji duk wata 3 zuwa 6.

Na biyu, in tsautsayi ya faɗa, kororo ya fashe ko aka yi wa mutum fyaɗe, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP. Ana fara shi cikin awa 72, wato kwana 3, a sha har kwana 28. Gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Na uku, akwai ƙwayar rigakafi mai suna PrEP da wanda ba shi da cutar ke sha kullum don kada ya kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita ga duk mai fuskantar haɗari tun 2015, kuma a 2025 ta amince da wata allura mai suna lenacapavir da ake yi sau biyu kacal a shekara. Sai dai PrEP ƙanjamau kawai take tarewa. Ciwon sanyi da tunjere ba ruwansu da ita, saboda haka ba ta kore kororo ba. Ciwon hanta nau'in B kuwa, wanda binciken 2018 ya samu a jikin kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya, yana da allurar rigakafi sau 3, a nema a yi.

Na huɗu, in an gwada an samu cutar, duniya ba ta ƙare ba. Tun 2006 gwamnatin Nijeriya ta mayar da maganin kyauta a asibitocinta, kuma yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Mai shan ta ba fashi, cikin kamar wata 6 ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, kuma muddin ya ci gaba da shan magani tana kwance haka, ba ya sa wa kowa ta hanyar saduwa. An tabbatar da wannan a wani bincike da aka yi a Turai aka buga a 2019, inda aka bi maza 782 da abokan zamansu maza, ɗaya mai cutar yana shan magani ɗaya ba shi da ita. Sun sadu fiye da sau 76,000 ba kororo, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ashe ke nan mijin da ya san matsayinsa ya rungumi magani ya fi aminci ga matarsa a kan wanda ke bugun ƙirji bai taɓa gwaji ba.

GA 'YAN'UWANA MATA

Ban rubuta wannan don ki fara binciken wayar maigida ko zargin duk abokin da ya yi sallama da shi ba, zato zunubi ne, kuma yana rusa gida. Abin da nake so ki riƙe shi ne lafiyarki hakkinki ce. In kin je awon ciki aka ce za a gwada jininki, ki yarda. Uwar da ke da cutar ba ta shan magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su ɗauka, amma da magani adadin yakan sauka ƙasa da 5. In kina ganin ruwa mai wari ko ƙaiƙayi ko ƙuraje ko ciwon mara da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ki tsaya ga jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ki je asibiti, ki kuma lallaɓa maigida ku je tare, don in an yi miki magani shi ba a yi masa ba, gobe ma sai ya dawo. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure. Abu ne mai kyau, sai dai takardar ranar ɗaurin aure ba ta tsaron shekara goma masu zuwa.

Su ma mata masu neman mata kada su ce sun tsira. Gaskiya ne ɗaukar ƙanjamau tsakanin mace da mace ba ta da yawa, amma tunjere da ƙuraje da ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa duk suna wucewa ta haɗuwar fata da ruwan jiki, ko ta wani abu da aka yi amfani da shi tare ba a wanke ba. Su ma su riƙa zuwa gwajin bakin mahaifa kamar kowace mace. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, mu kai 'ya'yanmu.

DARASI DAGA SENEGAL

Kada wani ya ce ai wannan zancen Turawa ne, ƙasar Musulmi ba za ta iya ba. Senegal ƙasa ce da Musulmi suka fi kashi 90 cikin 100. A 1995 manyan malamanta suka yi taro a kan wannan cuta, daga nan limamai suka shiga faɗakarwa a masallatai, likitoci kuma suna nasu aikin na gwaji da raba kororo, kowa ya tsaya a fagensa. Yawan masu cutar a ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma a watan Disamba na 2008 aka kama maza tara a Dakar, masu aikin wayar da kan masu harka game da ƙanjamau, aka yanke musu shekara takwas-takwas, sai a watan Afrilu na 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta sake su. A tsakanin nan aikin faɗakarwa ya tsaya cik, mutane suka ɓuya, wasu suka daina zuwa karɓar magani. Ƙasa ɗaya ta nuna mana hanyoyin biyu da abin da kowace ke haifarwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

KIRA NA ƘARSHE

Ga ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron Allah ku riƙe sirrin marasa lafiya. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, ta kuma haramta ƙin duba shi. Wanda ya zo gabanka da ciwo majinyaci ne, ka duba shi ka ba shi magani, shari'a tana da nata ma'aikatan. Ga masu kemis, in yaro ya zo sayen kororo ka miƙa masa ba tare da tsokana ba, ka sani wataƙila rai uku ko huɗu ka ceta. Ga iyaye, in kun fahimci wani abu game da ɗanku, ku tuna hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora daga gida tasha zai nufa, inda yunwa za ta sa ya yarda da duk abin da mai kuɗi ya ce, har da barin kororo. Ku kuma yi tunani sau biyu kafin ku ɗaura masa 'yar mutane a matsayin magani, domin aure ba asibiti ba ne.

Ga kai kuma mai harka, kana da daraja a matsayinka na ɗan Adam, kada kunya ta kashe ka. In an wulaƙanta ka a asibiti ɗaya ka nemi wani, akwai ma'aikata na gari masu riƙon amana. Ka yi gwaji a wannan makon, kada ka ce sai bayan Salla, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin. Mai ƙarin bayani ko gyara ko tambaya ya rubuto ta hannun edita, ba za mu buga sunan kowa ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.